Waɗanda Suka San Aikin Baffa

Na yi shekaru ina buga takardu a wani ɗan shago kusa da tashar Matameye. CV kam, takardar nan da mai neman aiki ke bayyana kansa a ciki, na rubuta ta har ban san iyaka ba. Ba yabon kai ba, na iya. Kuma ba ni da haƙuri: in ka zo mini da surutu, sai in ce ka taƙaita, masu karantawa ba hira suka zo ji ba. Guda ɗaya ce na kasa gamawa, ta Baffa, ƙanen mahaifina.

Tun kafin a haife ni Baffa ke tafiya cin rani Najeriya. Da an ɗaure gero sai ya tafi, sai ruwan farko ya dawo da shi. Ya yi gadi, ya yi leburanci, ya tsare sito a Kano. A shekarar da nake faɗa gwiwoyinsa sun soma ƙi, in ya durƙusa sai ya dafa bango. Sai wani furoje, irin shirin tallafin nan mai raba wa manoma iri, ya ce yana neman gardi, wato mai gadi. In ya samu, ya huta da ƙetare iyaka, ya tsufa a ɗakinsa.

Ya zo ranar kasuwa da hantsi, sanye da rigarsa ta Juma'a, kamar odinatar, wato kwamfutar shagon, ce za ta duba shi.

"Baffa, ina takardun shaidar aiki?"

Ya yi dariya. "Ke 'yar nan, wa ke ba ɗan cin rani takarda? Mutum ake kai ka wurinsa, ya dube ka, ya ce fara."

To, na lallaɓa na tsara abin yadda zai shiga ido. Muka iso fage na ƙarshe, inda ake son mutum uku da suka san aikinka, da lambobinsu. Nan Baffa ya gyara zama, ya ce wannan ai mai sauƙi ne. Ya fito da tsohuwar salularsa da aka ɗaure da roba. Na ce mu gwada lambobin tukuna, don mutanen nan kira suke yi.

Ta farko ta Alhajin da ya tsare wa sito ce. Mace ta ɗauka. Na ji Baffa ya ja gaisuwa da fara'a, sai kuma muryarsa ta faɗi. "Yaushe?" ya ce. Sannan ya yi salati. Tun azumin bara aka binne Alhajin, babu wanda ya tuna ya faɗa masa.

Ta biyu ta wani birkila ce da suka daɗe suna gini tare. Wani baƙo ya ɗauka, ya ce shi sayen layin ya yi, bai san kowa ba. Muka nemi ƙanen birkilan, ya ce ai sai dai addu'a.

Waje ana ta hayaniya, 'yan tasha na kiran fasinja, mu kuma muna zaune muna bin kaburbura da waya.

"Na ukun fa, Baffa?" na tambaya a hankali.

Ya ambaci amininsa na unguwarmu, wanda suke tafiya tare kowace shekara. Na ɗago kai na dube shi. Ai Baffa da hannunsa ya yi wa gawar mutumin nan wanka.

"Sa su haka nan," ya ce. "Ki rubuta marigayi a gaban kowanne. Su suka ga aikina."

"Haba Baffa! Wa zai ɗauki wayar?"

Bai yi fushi ba, ya ma gyaɗa kai. Can ya ce, "To ke fa? Ba ki san ni ba?"

Na ce ba a sa dangi. Gaskiya ne, amma wani abu ya fi wannan tsaya mini a rai. Na san sabulun da yake kawo mana, na san atamfar innata, na san biskit. Ban taɓa ganinsa a bakin aiki ba, ko sau ɗaya. Duk garin nan babu wanda ya gani. Rabin rayuwarsa ya yi shi ne a gaban mutanen da ƙasa ta rufe.

Muka kai dosiyensa, wato takardun neman aikin, da fagen nan babu kowa. Ba a kira shi ba.

Bayan girbi na raka shi tasha, na riƙe masa jaka har ya samu ya tura gwiwoyin nan cikin mota. Ya leƙo ta taga ya ce, "Kada ki goge takardar nan, 'yata. Ki bar wurin a buɗe. In na samu mai rai, zan bugo miki sunansa."

Damina biyu ke nan bai dawo noma ba, layinsa kuma ba ya shiga. Duk sa'ad da baƙuwar lamba ta Najeriya ta fito a wayata, sai in bar ta ta yi ta ƙara a hannuna, don ban san ko suna za a ba ni ba, ko gaisuwar mutuwa za a yi mini.