Karatu a Gidan Bakin Titi

Na zo Kalgo daga Ceberu a shekarar da gwiwata ta fara hana ni sunkuyo a gona. Wani Alhaji mutumin Gwandu, wanda mahaifinsa da nawa suka yi zaman mutunci, ya gina gidan haya na ɗaliban jami'a a bakin titi, yana neman dattijon da zai zauna masa a ciki. Aikin ba shi da yawa. In share tsakar gida, in tayar da injin ruwa idan an kawo wuta, in kula da ƙofa, in san mai shiga da mai fita. Ya ba ni ɗan ɗakin da ke jikin ƙofar. Iyalina na bar su a gida, sai na sami sarari in je in gano su.

Gidan dogo ne, ɗakuna a jere hagu da dama, samari ne duka a ciki. Akwai bishiyar dogon-yaro a ƙofar gidan, saboda inuwarta 'yan kabu-kabu suka mai da wurin tasharsu. Jikin katangarmu mai walda ne da janaretonsa, gaba da shi mai faci, tsallaken titi kuma injin niƙa. Da rana ta ɗago sai kwandastoci su fara kiran Birnin Kebbi da Jega, kowa na son muryarsa ta danne ta ɗan'uwansa. Wani lokaci masu tallan maganin basir su zo su tsayar da mota da lasifika a kanta, su yi ta bayani har la'asar. Idan mai walda ya ɗora injin yanka a kan ƙarfe, ko gaisuwa sai da hannu.

Kowane ɗalibi da irin dabararsa. Wasu su toshe kunne da auduga. Wasu su maƙala abin sauraron waya ba tare da sun kunna komai ba. Akwai wanda ya jingina katifarsa a taga ya koma kwana a tabarma, sai da zafi ya ishe shi ya cire. Na taɓa ganin wani ya naɗe kansa da tawul kamar mai ciwon haƙori. Da suka gaji sai suka kai kuka wurin Alhaji, shi kuma ya ce in je in yi wa maƙwabta magana a hankali, tunda ni ne babba.

Na je. Mai walda ya kashe inji, ya ɗage baƙin gilashinsa, ya saurare ni har na gama. Sannan ya ce shi ya riga gidan zuwa wurin, kuma bai san yadda ake yanka ƙarfe da raɗa ba, idan 'yan jami'a sun gano su zo su koya masa. 'Yan kabu-kabu sun fi shi sauƙin kai. Suka yi alkawarin rage danna hon, suka kuma riƙe alkawarin har zuwa azahar. Wurin mai injin niƙa ban ma je ba, don na san matan unguwa ba za su koma turmi saboda karatun wani ba. Na gaya wa Alhaji yadda muka yi, ya ce to a yi haƙuri. Haka aka ci gaba da zama.

A cikin wannan zaman na shiga ajin yaƙi da jahilci. Da yamma ake yinsa a wata firamare, mu dattawa da 'yan kasuwa a kan bencin yara, gwiwoyinmu na tokarar tebur. Abin da ya kai ni ba wani babban abu ba ne. Kullum ina cikin mutanen da ke riƙe da takarda, sai na ji ina son sanin abin da ke tsare su haka. Malaminmu ya ba mu littafi mai manyan baƙaƙe, ya ce kowa ya riƙa bita a gida, don wanda ya iya karanta shafi ba tuntuɓe shi za a ɗaga zuwa aji na gaba idan shekara ta ƙare.

Ni karatu iri ɗaya na sani a duniya, wanda na yi ina yaro a makarantar allo a Gwandu. A can kowa da allonsa, kowa da inda ya tsaya, kuma duk a lokaci guda ake yi, da ƙarfi. Wanda ya yi shiru shi ne ba ya karatu, shi bulala take nema. Idan na kusa da kai ya ɗaga murya, kai ma sai ka ɗaga taka don ka ji kanka. Da haka na tashi, ban taɓa kawowa akwai karatun da ba ya bi ta baki ba. Ɗaliban gidanmu ina ganinsu zaune sun ƙura wa littafi ido, baki a rufe, sai in ɗauka hutawa suke yi, ko suna tuna abin da suka riga suka karanta a wani wuri.

Lokaci ɗaya titin yake lafawa, daga an idar da sallar asuba zuwa fitowar rana. Shi na zaɓa. In dawo daga masallaci, in shimfiɗa buzu a bakin ɗakina, in buɗe littafi, in fara haɗa baƙi da wasali ina rangaji kamar yadda aka saba. Kalma ɗaya sai in yi ta maimaita ta har ta zauna. Tsakar gidan siminti ce, katanga kuma doguwa, murya tana zagayawa a ciki. Ina jin daɗin hakan, don kowane harafi yana dawo mini sarai.

Ban san su ma ɗaliban don wannan ɗan lokacin suke tashi ba, kuma ba su da wani sai shi. Sun yi ta haƙuri saboda furfurata, har jarrabawa ta matso.

Wata Juma'a Alhaji ya zo ya ja ni gefe. Ya daɗe yana tambayar gwiwata da mutanen gida kafin ya shiga maganar. Ya ce yara sun sake kawo kuka, amma wannan karon ba na titi ba ne, na karatuna na asuba ne, har wasu sun fara cigiyar ɗaki a wani gidan. Bai ce in bar makaranta ba, bai kuma ce in bar ɗakin ba. Ya dai ce shi gidan haya ya gina, in duba tsakanin karatun da zaman gidan in ga wanda zan iya ajiyewa. Na ce na ji.

Da yamma ɗalibin da ɗakinsa ke manne da nawa, wani siriri mai gilashi da ke shekararsa ta ƙarshe, ya zo ya durƙusa ya gaishe ni. Na gane yana cikin masu kai kukan, don ya kasa haɗa ido da ni.

Ya ce, "Baba, ba karatun muke ƙi ba. Ka riƙa yi a zuci mana, kamar yadda muke yi."

Na ce, "Wane iri ne kuma a zuci, ɗana? In ban ji shi ba, ta ina zai shiga?"

Ya yi ɗan tunani, ya ce shi ma bai san ta ina yake shiga ba, ya dai san yana shiga.

Washegari na gwada. Na rufe baki na kalli shafin, baƙaƙen suka tsaya suna kallona, ba abin da na ɗauka. Na gwada raɗa. Sai in fara a hankali, kafin in kai ƙarshen layi murya ta koma inda ta saba ban sani ba. Na rufe littafin, na bar wa ɗalibai asubarsu. A aji kuwa malam ya lura na fara ja da baya, waɗanda muke tafiya tare sun wuce ni. Ya tambaye ni ko lafiya, na ce lafiya lau, aiki ne.

Na yi kwanaki ina juya lamarin. Gwiwata ba za ta koma gona ba, ɗakin nan kuwa shi ne abincin gidana. Littafin ma ban ji zan iya mayar wa malam ba. Sai na ga ai akwai wurin da ba wanda zai ce na dame shi. Da hantsi, bayan na gama shara, na ɗauki buzuna da littafi na fita ƙofar gida, na zauna a gindin dogon-yaro tsakanin babura da shagon mai walda, na buɗe murya iyakar ƙarfina.

'Yan kabu-kabu suka sami abin yi. Suka raɗa mini Farfesa. Idan fasinja ya zo sai su ce ya taka a hankali, ana lacca. Akwai wanda in na yi tuntuɓe a kalma sai ya danna hon, wai na faɗi. Mai walda ya leƙo daga shagonsa ya ce:

"Baba, kai da kaz zo hana mu ƙara, ashe shago kaka nema kusa da mu?"

Na ce masa ai na ga kasuwar tana ci ne.

Karatu a wurin da wuya. Idan janareto kaɗai ke aiki ina jin muryata sama-sama. Idan aka ɗora injin yanka ba na jin komai, sai motsin maƙogwarona. Da farko nakan dakata in jira a kashe, sannan in ɗora daga inda na tsaya. Amma mai walda ya sami aikin ƙofofi da tagogin wani sabon gini, inji ya koma yini yana kuka, na ga in jira zan yi ba abin da zan karanta. Sai na riƙa ci gaba a cikin ƙarar, yatsa a kan layi, baki na aiki, kunne ba ya samun komai. Da yamma in tashi murya a dushe kamar mai mura. Da na je gida matata ta dafa mini citta da kanumfari, tana tambaya ko gadin ne ya koma ladanci.

Haka na yi ta yi har damina ta wuce. Wata rana gab da azahar, ina cikin wani shafi da ke bayanin yadda ake adana wake kada ƙwari su ci, man janareto ya ƙare. Ƙarar ta yanke gaba ɗaya. Aka yi dace ba mota a titi, injin niƙa ma a kashe. Wani ɗan kabu-kabu da ke kishingiɗe a kan babur ɗinsa ya dube ni ya ce:

"Farfesa, yau yajin aiki anka shiga? Tun ɗazu bakinka rufe yake."

Na taɓa bakina, a rufe yake kuwa. Yatsana yana kusa da ƙarshen shafin, kuma na san duk abin da ke sama da shi: a shanya waken ya bushe sosai, a zuba a buhu mai leda a ciki, a ɗaure bakin kada iska ta shiga. Ban san tun yaushe maƙogwaron ya gaji ya daina ba, ko ranar ce ko tun kwanakin baya. Na ƙarasa layin da ya rage a haka, ina jiran baƙaƙen su tsaya mini kamar da. Ba su tsaya ba. Mai walda ya dawo da mai a galan, ya ja igiya, kowa ya koma harkarsa.

Ban gaya wa kowa ba. Washegari bayan asuba na shimfiɗa buzu a bakin ɗakina na buɗe littafi. A nan ya fi wuya, don leɓɓana suna son motsi, wani lokaci doguwar kalma takan kuɓuce ta fito. Amma ba ta kai ƙofar maƙwabcina. Ƙarshen shekara malam ya tsayar da ni a gaban aji na karanta shafi, ya ɗaga ni tare da sauran. Alhaji bai sake tayar da maganar ba, har yau ina ɗakin.

Mai gilashin nan ya gama jarrabawarsa ta ƙarshe ya haɗa kaya. Ranar da zai tafi ya tsaya a ƙofata, ya ce akwai abin da ke damunsa. Yana ganina da asuba zaune da littafi ban ce uffan ba, yana tsoron su ne suka kashe mini gwiwa, in yafe musu. Na ce masa ba komai, karatu nake yi. Ya dubi littafin, ya dube ni, ya ce to alhamdu lillahi. Na riƙe masa jaka ɗaya zuwa bakin titi, muka yi sallama da hannu, don mai walda ya riga ya tayar da inji.