Mai Riƙon Takalmi a Shimultala

Idan ka je Maidan, babban dandalin ƙwallo na Kalkata, yau ka ce kana neman labarin Pulak Dolui, sai an daɗe ana sosa ƙeya kafin a tuna shi. Shekara goma sha huɗu ya yi yana tsare mana baya a kulob ɗin Shimultala, kuma ni Kanai ban taɓa fashin wasansa ko ɗaya ba. Babu kuma wasa ɗaya da ban zage shi ba. Aikina ke nan a kan bencin katako na 'yan kallo. Wasu suna zuwa da tuta, wasu da ganga, ni da bakina nake zuwa, kuma duk mai kallon ƙwallo a Kalkata ya san kaifinsa.

Pulak ɗan masunta ne daga wani ƙauye bayan Canning. Gajere ne, kakkaura, ba shi da wata gwaninta da za ka ba jikokinka labari. Abu ɗaya ya iya: ko ƙwallo ta wuce, mai ita ba zai wuce ba. Jirgin ƙasa na farko yake biyowa kullum, awa biyu yana maƙale a bakin ƙofa, takalminsa a cikin leda. Idan ya ɗaga ƙwallo sama ta tafi neman tsuntsaye, sai in miƙe in ce, "Dolui! Ƙwallo ce ba kifi ba, daina jefa mata taru!" Benci ya ɗauki dariya. Shi kuwa in an tashi sai ya biyo ta gabana yana sharce gumi, ya ce, "Kanai-da," wato yaya Kanai, "yau ma da barkono ka karya?" Bai taɓa riƙe ni a zuci ba, abin har haushi yake ba ni.

A shekararsa ta biyar ya yi wautar da aka daɗe ana yi masa dariya a kai. Lokacin sauya sheƙa ne, lokacin da kowane ɗan wasa yake karɓar tokinsa daga hukuma, ɗan katin nan da duk kulob ɗin da ka damƙa wa shi za ka buga wa a kakar. Mutanen wani babban kulob suka tare shi a tashar Sealdah, suka tura shi cikin mota, za su kai shi wani otel su ɓoye har a rufe rajista. Haka ake yi, babu wanda yake kiran abin sata. Sun yi masa alkawarin aiki a tashar jiragen ruwa, da albashi har tsufa. Motar tana tsayawa a cunkoso ya buɗe ƙofa ya zura da gudu, silifa ɗaya a ƙafa, bai tsaya ba sai tantinmu, wanda shi ne ofishin kulob. Ya ajiye tokin a teburin sakatare Bibhuti-babu yana haki. Babu ɗin nan laƙabin girmamawa ne a wurinmu, kamar ka ce maigida.

Bibhuti-babu ya rungume shi har da hawaye. Ya ce, "Pulak, wannan kulob ɗin gidanka ne. Wata rana da hannunka za ka dafa turken raga." Sannan ya sa aka saya masa shayi da biskit biyu.

Dafa turke ba ƙaramin abu ba ne a wurinmu. Ranar farko ta sabuwar shekararmu ake bar-pujo, a yi wa turakun raga ado da furanni, a fasa kwakwa, purohit, malamin addininmu, ya zauna a gindinsu ya ja addu'a. Ba a sanar da kyaftin da baki ko a takarda. Wanda aka zaunar kusa da purohit, aka ambaci sunansa cikin addu'a, ya ɗora hannu a turke, shi ne kyaftin na wannan kaka, magana ta ƙare. Kuma a al'ada wanda ya fi daɗewa ake ba. Tun shekararsa ta tara Pulak ya fi kowa daɗewa. Amma kullum akwai dalili. Wannan shekarar ɗan ƙanen ma'aji ne, waccan kuma wani mai digiri ne da ya iya magana da 'yan jarida. Bibhuti-babu ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Baɗi, Pulak, baɗi." Shi kuma ya ce to.

Ana haka har gwiwarsa ta fara ƙara, furfura ta fito masa a gefen kunne. Ya ce kaka ɗaya ta rage masa. Wannan karon Bibhuti-babu ya faɗa a gaban kowa, har ya aika wa purohit da sunan tun saura wata guda.

A cikin watan nan ne Samanta-babu ya shigo mana. Mai gine-gine ne, ya cika gefen gari da dogayen benaye, yana neman inda sunansa zai fito a jarida ba a shafin kotu ba. Ya ce zai sayo mana Jagtar, ɗan Punjab mai zura ƙwallaye, wanda manyan kulob uku suke kokawa a kansa. Kuɗin da ya ambata ya fi abin da muke kashe wa 'yan wasa ashirin a shekara uku.

Aka kira taron mambobi a tanti. Tsofaffi suka ce ba tarbiyyarmu ba ce, mu renon yara muka gada, wanda ya zo don kuɗi zai tafi don kuɗi. Na miƙe. Na ce, "Tarbiyya? Shekara goma sha tara muna rukuni na biyu muna cin tarbiyya da gishiri! Ku da kuke renon yara, wa kuka rena? Duk mai ƙafar kirki manya sun kwashe, an bar mana masu jefa taru. In Samanta-babu yana da kuɗin ƙonawa, ya ƙona su a nan mu sha ɗumi!" Aka yi ta tafi. Hannuna ne ya fara tashi sama, kuma har gobe ban ce na yi kuskuren lissafi ba. Pulak yana tsaye a bakin ƙofa, don 'yan wasa ba sa zama a taro. Shi ma ya tafa.

Ranar bar-pujo tun ƙarfe bakwai rana ta fara gasa ƙeya. Pulak ya zo da sabon doti fari, zanen da mazanmu ke ɗaurawa, da rigar kulob a sama, bai sa komai a bakinsa ba tun asuba, kamar yadda mai dafa turke yake yi. Ya zo da mahaifiyarsa, wadda ba ta taɓa taka Maidan ba. 'Yar tsohuwa ce ƙanƙanuwa, shekara arba'in tana soya muri, guggurun shinkafa, a kan yashi mai zafi tana sayarwa, hayaƙi ya cinye mata ido, ba ta ganin komai sai inuwa da launi. Ta rungumo tukunyar ƙasa cike da rosogolla, alawar madara, tun daga ƙauye, ta hana kowa karɓa. Pulak ya zaunar da ita a kujera a gefen fili, ya ce, "Kanai-da, ga Ma. Ka sassauta bakin nan yau, don girmanta." Na ce, "Mashima," wato inna, "ɗanki yau sarki ne." Ta yi dariya, babu haƙori ko ɗaya.

Ƙarfe takwas purohit ya ce lokaci mai kyau yana wucewa, ba zai jira kowa ba. Pulak ya zauna a tabarma. Aka ɗiga masa kwaɓin turaren sandal a goshi, aka rataya masa furanni. Purohit ya ja addu'a, ya ambaci Pulak Dolui da sunan zuriyarsa, muka ji da kunnenmu, aka fasa kwakwa. Pulak ya ɗaga hannu zai kai turke.

Sai ga hon ɗin mota. Samanta-babu ya fito, Jagtar yana bayansa, dogo, gashi a naɗe a tsakar ka, 'yan jarida kusan goma suna biye da su. Tun da aka kafa Shimultala ba mu taɓa ganin mai ɗaukar hoto fiye da ɗaya ba. Samanta-babu ya dubi tabarma, ya dubi Bibhuti-babu, ya ce, "Wane ne wannan?"

Bibhuti-babu ya yi masa raɗa. Samanta-babu bai iya raɗa ba. Ya ce, "Na zuba wannan dukiyar don a ɗauki hoton wa? Tashe shi."

Purohit ya ce, "Samanta-babu, suna ya riga ya tafi sama."

"To a kira shi ya dawo. Nawa ne kwakwa? A fasa wata."

Muna nan fiye da mutum ɗari biyu, har da tsofaffin nan masu tarbiyya, babu wanda ya yi tari. Bibhuti-babu ya durƙusa kusa da Pulak, ya ce, "Kai ɗan gida ne, baƙo ake karramawa. Ka fi kowa sani." Da hannunsa ya cire masa furannin. Pulak ya tashi. Sandal ɗin goshinsa ya sa gefen doti ya goge da kansa.

Jagtar ba ya jin yarenmu, bai san abin da ake ciki ba. An jefa masa rigar kulob ya saka, ya nufi tabarma da takalmi a ƙafa, purohit ya daka masa tsawa. Ya tuɓe su da sauri, farare ƙal, 'yan waje, ya waiga yana neman inda zai ajiye don ƙasa da laima. Ya ga mutum tsaye kusa da shi cikin doti, hannu sake. Ya ɗauka ma'aikacin tanti ne, ya miƙa masa, har da murmushin godiya. Pulak ya karɓa.

Aka sake addu'a daga farko, aka rataya wa Jagtar furannin, aka fasa wata kwakwar, mata suka rangaɗa guɗa, Jagtar ya dafa turke. Guɗar ce ta tashi tsohuwa. Duk abin nan ba ta gani ba, ba ta kuma ji ba. Ta taho da tukunyarta tana laluben hanya, ta nufi launin rigar kulob da furanni a gindin raga, mutane suna darewa. Tana cewa, "Khoka, ɗana, yau ubanka ya huta." Ta ajiye tukunya, ta ɗora hannu a kan Jagtar za ta sa albarka. Yatsunta suka ci karo da naɗin gashi. Ta tsaya. Ta shafa goshin, ta shafa kunnen, ta janye hannu.

Ta ce, "Wannan ba nawa ba ne. Ina nawa?"

Fili ya yi tsit, irin shirun da bakina bai taɓa iya bari ya wuce ba. Shekara talatin ina cike irinsa, kafin in yi tunani magana ta riga ta fita. Na ce, "Naki na can yana gadin takalmi, Mashima!"

Aka fashe da dariya. Har 'yan jarida, har Samanta-babu yana riƙe ciki. Ba a taɓa yi wa maganata dariya irin ta ranar ba, kuma ba zan ɓoye ba, a wannan daƙiƙar na ji daɗi. Kunyar daga baya ta zo, ta kuma zauna, har yau ba ta tashi ba.

Pulak bai dube ni ba. Ya zo ya kama hannun uwarsa, ya ce, "Ma, taho, jirgi zai wuce mu." Suka juya suka nufi titi a hankali, tana tambayarsa yana cewa, "A gida, Ma, a gida." Ya manta da abin da yake ɗaya hannun nasa. Sun kusa bakin titi direban Samanta-babu ya hango, ya kwasa da gudu yana ihu, "Ɓarawo! Ɓarawo! Takalmin Jagtar!" Masu shayi da masu jiran taragu suka taru. Direban ya fizge takalmin, ya ƙara masa da mangari a ƙeya, a gaban tsohuwa tana ta juya kai tana cewa, "Wa ya yi sata? Khoka, wa ya yi sata?"

Muna hangen su daga gindin raga. Bibhuti-babu ya ce bari ya je ya yi bayani, sai aka kira shi hoto, ya tsaya ya gyara wuyan riga. An raba rosogollar tsohuwa, ta yi daɗi ƙwarai, Jagtar ya ci uku.

Pulak bai sake dawowa ba, babu kuma wanda ya hau jirgi ya bi shi. Jagtar ya zura ƙwallo ashirin da biyu a kakar, muka hau rukuni na ɗaya, na yi rawa a kan benci har katako ya karye. Masu cewa kuɗi ba ya sayen nasara ba su zauna shekara goma sha tara a rukuni na biyu ba. Yana saye sarai, na gani da idona, na kuma ga abin da ake haɗawa da shi a biya.

Shi ya sa na ce in ka ambaci Pulak Dolui a Maidan sai an sosa ƙeya. Daga nan wani zai tafa hannu ya ce, "Au! Ɓarawon takalmi kake nufi?" In ina wurin nakan ce ba haka aka yi ba. Sai su yi dariya su ce, "Kanai-da, kai da abin dariya! Ƙaro mana wani."