Warin Waya a Hanyar Kabo

Shekara shida ke nan da rasuwar mahaifina, Malam Habu mai gyaran wayar mota a Gwarzo. Ban taɓa tunanin rubutu a kansa ba sai makon jiya.

Muna dawowa ne daga gonar surukaina ta wajen Kabo, bayan la'asar. Yaya Sule, wan mijina, shi ke tuƙa a-kori-kura, ya jona mata ƙaramar tirela cike da buhunan gyaɗa, an jibga karan dawa a gaban buhunan. Mu mata uku aka ce mu hau kan buhunan, kamar yadda kowa ke yi da kaka. Ina da ƙaramin ciki, na fari, kunya ta hana ni faɗa wa kowa a gidan. Ba mu yi nisa ba na ji wari. Ba na taya ba ne, ba na hayaƙin mota ba. Robar waya ce ke narkewa.

A cikin wannan wari na girma. Duk motar da wayarta ta ƙone, a ƙofar gidanmu ake ajiye ta. Amma aikin da Baba ya fi tsanantawa a kai shi ne jona wayar tirela da motar da za ta ja ta. Soket ɗin, inda wayoyin biyu ke haɗuwa, sama da ƙugiyar jan tirela yake ɗaure shi, a ɓangaren da babu salansa, bututun hayaƙin mota. Ya zura wayar cikin guntun tiyo, ya bar mata sakin kamu ɗaya, kada ta tsinke a kwana, kada kuma ta ja ƙasa. Sannan ya tsuguna ya sa direba ya karya kan mota hagu da dama yana kallo. In an kawo masa aikin ganganci sai ya ɗaga wayar da yatsa biyu ya ce, "Alhaji, wannan waya ce ko igiyar ɗaure akuya?"

Na leƙa tsakanin mota da tirela. Babu soket. Ashe ya fashe tun bara, aka murɗe wayoyin da hannu, aka naɗe da leda, ragowar aka ɗaure da tsumman roba a jikin salansa, don shi ne ƙarfen da ya fi kusa. Tana hayaƙi, tana tartsatsi, ga ganyen kara na lilo a kanta.

Tun da aka kawo ni gidan ban taɓa ɗaga murya gaban Yaya Sule ba. Ranar na daki ƙarfe da hannu biyu ina ihu, "Yaya! Wuta! Yaya, tsaya!" Kafin ya taka burki kara ya kama. Muka dira. Ni a kan gefena na faɗi, marata ta murɗa. Ina kwance a ƙasa ina cewa a cire kan batir, mazan da suka tsaya taimako na watsa yashi, har wutar ta mutu.

Me Baba zai ce da ya ga hanyoyinmu yau? Tireloli sun yi yawa, kowane gida mai ɗan hali na da abin ja, amma tsuguno ya yi ƙaranci. Ba na jin zai zagi Yaya Sule. Mutum ne mai kirki, sauri ne kawai na kaka, kowa so yake ya kwashe amfanin gona kafin dabbobi su shiga. Baba zai ce dai wanda ya ɗora mutane a bayansa, ya fara duba abin da ya haɗa shi da su.

A gadon asibiti, ina jiran a duba ni, na yanke shawara. Akwatin kayan aikin Baba na nan a ɗakin Inna, ba wanda ya taɓa. Zan ɗauko. Ƙanensa, Baba Ƙarami, shi ke riƙe da garejin da Baba ya bari yanzu, zai koya mini. Soket ɗin waccan motar da hannuna zan ɗaura shi, kuma babu tirelar da za ta sake fita daga gidanmu ban tsuguna na gani ba. Na faɗa wa mijina. Da ya kai wa Yaya Sule maganar a bakin ƙofa, na ji shi yana cewa, murya a dishe, "To, injiniya muka auro ashe. A bar ta ta yi."

Baba bai bar mana gona ba, sunansa ma ba a rubuce yake a jikin garejin ba. Abin da ya bari shi ne wannan taurin kai na ƙin barin mota ta tashi sai an duba. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta.

Gab da magariba ma'aikaciyar jinya ta ɗora na'ura a cikina. Ta saurara, ta matsar da ita, ta sake saurarawa. Na runtse ido. Sai na ji wani ɗan bugu, da sauri da sauri.

"Kin ji shi?" ta ce. "Buɗe idonki, 'yar uwa. Ke da shi duk lafiya lau."