Ranar da Inna ta kira sunan ɗan farinta

"Inna, ya sunan marigayin?"

Da na ji likitar da ke cikin wayata ta yi tambayar nan, saura kaɗan in kashe kiran. Duk karatunta, ba wanda ya gaya mata Bafulatana ba ta kiran sunan ɗan fari?

Wata biyar ke nan da rasuwar yayanmu. Inna ba ta yi hawaye ba, abinci ma sai ta tsakura. Dangi suna ta yabon dauriyarta, ita kuwa tana ramewa a gabansu. Haushin haka ya taso ni daga Karaye zuwa Rogo Ruma, na haɗa ta da likita mai ba da shawara ta bidiyo.

Na karɓe zancen. "Likita, a al'adarmu..."

Inna ta katse ni. "Hajara, tashi ki ba awaki ruwa."

"Yanzu fa na ba su."

"Ƙara musu. Boko bai rage miki surutu ba."

Na fita ina huci, na laɓe bayan zana. Can na ji Inna ta ce wa likitar, "Yarinya, ba kowa a wurinki?"

"Ni kaɗai ce, Inna."

Sai ta faɗi sunansa. Tunda aka haife ni ban taɓa jin sa a bakinta ba. Ta maimaita, kuka ya ƙwace mata. Ni ma na je na yi nawa a gaban awaki.

Ashe baƙuwa take nema, wadda ba za ta ji kunyarta ba. Ku fa, wa kuke yaba wa dauriya a gidanku?