Zumar Kawu

Tsamiyar ta girmi garinmu. Kakata ta ce ita ma haka ta taso ta gan ta. Duk motar da ta fito daga Gummi za ta Anka sai ta tsaya a gindinta, a nan kuma Inna take toya waina tun rasuwar Baba. Da inuwar nan muke ci.

Maza kuwa rumbu suka mayar da ita. Da kaka kowa ya ɗaure harawarsa ya ɗora a rassan, don kada awaki su cinye.

Sai Kawu, ƙanen Inna, ya hango zuma a wani kogo can sama. Ina hutun makaranta lokacin, ina taya Inna wanke tanda, na gan shi yana naɗa tsumma a kan kara.

"Kawu, harawa fa ke sama."

"Ke ɗiyar nan, boko ya buɗe miki baki. Tun ba a haihe ki ba nike ɗibar zuma."

Ya kunna tsumman, ya hau, ya cusa wutar a kogon. Ƙudan suka yi masa caa, ya saki karan ya diro. Harawa ta kama kamar an zuba mata kananzir.

Ba wutar ce ke tayar mini da zuciya ba har yau. Ƙattai ne tsaye, kowa na ihun harawarsa, babu wanda ya nufi rijiya. Kwana da kwanaki wutar na cin tsamiyar ta ciki kafin ta faɗi, ko hucewa ba ta yi ba suka zo da buhuna suna ture juna a kan gawayi. Har da Kawu, fuska a kumbure.

Daga nan aka fara cewa ai murhun Inna ne ya jawo gobarar. Waɗanda suka gani da idonsu suka yi gum. Na ce zan je wurin mai gari in faɗa.

"Zauna," in ji Inna. "Ƙanena za ni kai ƙara?"

"To ke a ci gaba da zaginki?"

"Awo, a ci gaba."

Direbobi suka koma tsayawa a ƙauyen gaba, inda akwai inuwa. Inna ta daure ta zauna cikin rana kusa da kututturen, waina na bushewa a faranti, masu harawa na wucewa ba gaisuwa. Kafin damina ta kife tandar a bayan ɗaki. Da hutu ya ƙare ban koma makaranta ba. Kawu ya zo yi mini jaje, wai haka Allah ya ƙaddara. Na tashi na bar masa tabarmar.