Ranar da Na Hana a Binne Ƙullutun

A lokacin ina aiki a wata masana'antar alewa a Sharaɗa, ina tsaye gaban injin naɗe leda tun safe har la'asar. A banɗakin ma'aikata na fara jin wani ƙullutu a nonona na hagu, bai fi ƙwallon dabino ba. Wata huɗu ina ɓoyewa kafin na yarda aka cire shi a wani ƙaramin asibiti kusa da gidanmu a Panshekara.

Da na farfaɗo, nas ta miƙa wa Baffa wata kwalba. Baffa ƙanen mahaifina ne, shi ya riƙe ni tun rasuwar babanmu. Abin da aka cire ne a ciki, yana iyo a ruwan magani mai yajin wari. Ta ce a kai babban asibiti a gwada. Ya ce to.

Kwana biyu da sallamata na fito tsakar gida na tarar da shi zaune, kwalbar a gabansa, farin ƙyalle a cinyarsa, ga fartanya a gefe.

Na ce, "Baffa, me za ku yi da shi?"

"Binne shi zan yi. Naman ɗan Adam ne, yana da alfarma. An cire cuta, Allah ya raba ki da ita, me kuma ya rage?"

"Ya rage in san mene ne."

"Ki sani ki yi yaya? Tsoro kawai za ki sayo wa kanki."

Tunda nake ban taɓa mayar masa da magana ba. Na durƙusa kamar zan gaishe shi, ɗinkin yana ja na, na ɗauke kwalbar na tura cikin hijabi.

"Ku yi haƙuri, Baffa. A jikina aka yanko shi, ni zan faɗi inda za shi."

Matarsa ta saki salati daga madafi. Ban waiwaya ba, na fita na tare adaidaita sahu.

A ɗakin gwaji na haɗu da wata likita wadda aikinta duba naman da aka ciro daga jikin marasa lafiya. Tambayarta ta farko ita ce ko an taɓa zubar da ruwan. Na ce saura ƙiris. Ta ce da ya bushe, da sun rasa abin dubawa.

Na koma bayan kwana goma ta ce min sankara ce. Ta bari na nutsu, sannan ta ce sankarar nono iri-iri ce, kowace da maganinta, sai an yi wani gwajin a gane wacce ce tawa. Ta nuna min naman an daskarar da shi cikin kaki irin na kyandir, bai kai akwatin ashana ba. Za su fere shi ya fi ɓawon albasa siranta, su ɗora a gilashi uku, su ɗiga wa kowane nasa ruwan. Kowane ruwa alama ɗaya tak yake kamawa a jikin ƙwayoyin cutar, inda ya kama sai wurin ya rine.

A gida kuwa mata suka riƙa shigowa kamar masu gaisuwar mutuwa. Wata maƙwabciya ta ce da an bar Baffa ya binne abin nan, da ba a ji wannan mugun labari ba. Na ce mata da an binne shi, da ni za ku binne a bayansa ba ku san dalili ba.

Ranar sakamako na ce sai na gani da idona. Likitar ta ce ba a saba ba. Na ce ai nawa ne. Ta yi murmushi ta matsa min kujera, na kafa ido a madubin da ke ƙara girman ƙananan abubuwa. Gilashi biyu sun cika da ɗigo-ɗigo kamar na lalle, na uku fayau, shuɗi-shuɗi kawai. Ta ce ma'anarsa tawa da sinadaran mata na jikina take girma, kuma akwai ƙwayar da ke tare mata wannan hanya. Ba ta yi min daɗin baki ba. Ta ce da sauran tiyata, da ƙarin ruwan magani, gashi ma zai zube.

Duk an yi, gashin ya zube har gira. Ƙwayar kuwa har yau da ita nake karyawa.

Da na koma Sharaɗa, shugaban sashenmu ya ce an ajiye min kujera a bakin ƙofa, in riƙa duba katin ma'aikata. Na ce masa na gode, injina nake so. Ya ce hannuna na hagu, ɓangaren da aka yi tiyata, ba zai iya ba. Na ce ranka ya daɗe, a bari hannun ya faɗa da kansa. Wajen azahar yakan kumbura. Sai in ɗora shi a kan ƙarfen injin ya ɗan huta, in ci gaba da tura leda da na dama.