Juyen Mai a Motar da Ba Ta Tafiya

Da ƙarfe huɗu da kwata na yammacin wata Asabar hannun Baba ya ƙi juya matacin mai. A watan nan da muke ciki ya cika shekara shida da rasuwa, amma in aka tambaye ni yaushe muka fara rasa shi, wannan yammacin nake tunawa, ba ranar da aka binne shi ba. Na riƙe lokacin ne domin ina zaune a kujerar bayan motarsa ina karatu, ƙaramin agogonta yana gabana.

Shi kuwa yana kwance a ƙarƙashinta a kan tsohuwar tabarma, tsohon mai ya gama tsiyaya cikin kwano. Sai na ji ƙarar aikinsa ta tsaya.

"Uwata," ya ce. Haka yake kirana, domin sunan mahaifiyarsa, Hannatu, aka sa mini. "Ajiye littafin nan ki zo ki kama mini wannan abu."

Baba bai taɓa barin kowa ya sa hannu a injin motarsa ba, ko yayana Iliya da ke ganin kansa gwani. Na durƙusa na juya matacin, ya kwance ba wahala. Da na dube shi, sai na ga yana kallon hannunsa na dama kamar hannun wani. Ya ce mu ɗaura sabon mataci mu zuba mai tukuna, ba a barin inji a bushe. Na yi yadda ya nuna mini da baki. Da muka gama ya ce in kira Mama. Wani maƙwabci ne ya tuƙa shi zuwa asibiti a motar. Ɓarin jikinsa ne ya shanye. Ya yi wata takwas a kwance, sannan Ubangiji ya kira shi.

Ga wanda bai san shi ba, Baba ma'aikacin jinya ne. Yawancin aikinsa a ƙauyuka ya yi shi, wajen Hamdara da Damagaram Takaya, inda kowa ke kiransa Lokotoro, wato likita, ko da ya sha gaya musu bai kai wannan matsayi ba. Mu Kirista ne, mutanen da yake dubawa kusan duka Musulmi manoma, ban kuma taɓa jin wannan ya zama magana tsakaninsu ba. Motarsa tsohuwa ce, doguwa, fara, wadda ta sha hannu kafin ta zo gare shi. Bayanta ya ɗauki buhun gero, ya ɗauki akuya, ya ɗauki masu naƙuda.

Ba mai yawan magana ba ne, ni ma haka. A gidanmu Mama da Iliya ne masu hira. Ni da Baba zamanmu a wajen motar yake, shi a ƙasa da baƙin hannu, ni a ciki da littafi. Sai mu yi yamma guda ba wanda ya ce uffan, kuma ban taɓa samun wanda na ji daɗin zama da shi kamarsa ba, har yau da nake shekarar ƙarshe a jami'a.

A wannan zama na ga yadda yake juyen mai, abin da a garejojin Damagaram ake kira bidanji. Sai ya tayar da inji ya ɗan yi ɗumi, domin man ya saki ya fito da dattinsa. Ba ya juye ya bar tsohon mataci, yana cewa wannan kamar a yi wa yaro wanka ne a mayar masa da rigar jiya. Yakan dangwali sabon mai da yatsa ya shafa a robar bakin matacin, ya ɗaure da hannu kawai, ba da ƙarfe ba. Mai kauri yake saya, saboda tsufan injin da zafin garinmu. Lokacin juye kuma ba ya jiran a tuna masa: in ta ci kilomita dubu biyar, ko in damina ta kawo kai, ko in an gama kaka, duk wanda ya riga zuwa. Matacin iska kuwa, duk dawowa daga hanyar rairayi sai ya cire ya kakkaɓe, ya ɗaga shi sama ya ga ko haske yana ratsawa.

Man kwalba da ake jerawa a bakin hanya bai taɓa shiga motarsa ba. A shago ɗaya yake saye, ya juya bidon, wato jarkar man, ya duba hatimin murfi kamar yana duba ranar lalacewar magani. In ya zuba, sai ya sa wuƙa ya huda gindin bidon, don kada wani ya tsince shi ya ɗura gurɓataccen mai ya sayar wa bayin Allah. Mama ta sha faɗa a kan wannan, tana cewa a garin da kowa ke neman abin zuba kalanzir shi yana yanka bido kamar rago. Sai ya yi murmushi ya ci gaba da hudawa.

Ina yawan tunanin me zai ce da ya ga yau. Shagunan mai sun cika da bido masu ƙyalli, kowane da lambobinsa, wasu an rubuta za su yi ninkin tafiyar da ya sani kafin a juye. Samarin da muke karatu tare suna gardama a kan wannan da wayoyinsu a hannu, ɗaya ya ce mai ruwa-ruwa ya fi, ɗaya ya ce ƙarya ne. Ina jin su, ba na tanka musu, ko da na san wani abu a ciki. Ba na tsammanin Baba zai ƙi sabon mai don sabo ne. Mutum ne da ke karɓar sabon magani in ya karanta takardarsa ya gamsu. Amma na san zai tambaya ko wanda ya rubuta wannan alkawari a jikin bido ya taɓa tura mota a rairayin Takaya a watan bazara. Kuma na san zai yi baƙin ciki da yadda jabu ya ƙware, har hatimin murfin ma yanzu ana kwaikwayonsa.

Tun da ya rasu motar ba ta fita daga gidan ba. Iliya yana aiki a Yamai, yana da babur ɗinsa. Mama ba ta tuƙi, ni ma ban iya ba. Tana nan a ƙarƙashin rumfa, kuma ni nake yi mata juye, farkon damina da ƙarshen kaka, da mataci sabo, da shafa mai a roba, da huda bido. Na karanta cewa mai yana tsufa ko mota ba ta motsa ba, sai na riƙe wannan hujja da hannu biyu. Ba wanda ya taɓa neman hujja a wurina, amma na tanade ta.

Mutum ɗaya ne ke zuwa saboda wannan juye. Malam Habu manomi ne daga wani ƙauye kusa da Hamdara, abokin Baba tun kafin a haife ni. Tun da can shi ke karɓar tsohon man, yana shafawa a ƙafafun rumbunsa don gara. Bayan rasuwar Baba bai daina zuwa ba. Yakan iso a motar kasuwa da ƙullin gyaɗa, ya gaisa da Mama daga bakin ƙofa, ya miƙo mini galan ɗinsa. Bara da ya ga man yana zuba jawur kamar yadda ya shiga, sai ya yi dariya.

"'Yar Lokotoro, wannan mai naki ai gara ma lashe shi za ta yi ta ce a ƙaro. Bai ga wahala ba. Na babanki kan fito baƙi ƙirin, ka san ya je wani wuri."

Na yi dariya don kunya, amma maganar ta zauna mini.

Bana ya zo da wata magana. Ya zauna a kan benci, ya cire hula ya mayar, ya yi ta kewaye-kewaye kafin ya faɗa. Mutanen garinsu sun haɗa kai suna neman mota ta ɗaukar marasa lafiya, domin har yanzu a amalanke ake kai mai naƙuda bakin titi. Ɗan ƙanensa ya sami takardar tuƙi. Sun duba motoci, amma dattawa suka ce in da hali, ta Lokotoro suke so, sun san ta, ta san hanyarsu. Ya ce ba kyauta suke roƙo ba. Ya ce zai dawo in an kwana biyu ya ji, in babu, sai su nemi wata.

Mama ta ce masa maganar tana hannuna. Iliya ma da na kira shi haka ya ce, sai dai shi bai iya barin magana a nan ba.

"Malama Hannatu, mota ce fa, ba gidan tarihi ba. Ko tikiti za ki fara sayarwa a zo kallo?"

Na ce masa ba su san ta ba. Za su zuba mata man kwalba ranar kasuwa, su bar mataci shekara guda, kafin damina biyu injin ya kama.

"To ya kama mana. Yanzu da yake lafiya lau, wa yake kaiwa ina?"

Na kashe wayar. Ba don haushinsa ba.

Gaskiya ne ina tsoron man da za su zuba mata. Na taɓa ganin inji da aka buɗe a gareji, cikinsa ya daskare kamar kwalta, na kuma kasa jure tunanin na Baba ya zama haka. Amma akwai abin da ya fi wannan. Baba bai bar littattafai ba, bai bar gona ba, hotunansa ma ba su da yawa. Tufafinsa an rabar a majami'a. Muryarsa ta fara ɓace mini, sai in yi ta ƙoƙarin tuno yadda yake furta wata kalma in kasa. Abin da ya rage mini sarai shi ne yadda ake wannan aiki, bi da bi, kuma sai da motar nake iya yin sa. In ta tafi, ban san inda zan riƙa zama da shi ba.

Sai na shiga tambayar mutane abu ɗaya: da Baba yana nan, zai ba da ita? Fasto ya ce mu sa abin a addu'a. Mai shagon da nake sayen mai ya ce Lokotoro mutum ne mai tsantseni, ya tsaya a nan. Matan majami'a suka ce Allah sarki, yarinya da ubanta. Kowa ya lallaɓa ni kamar mai ciwo. Mama ce kaɗai ban tambaya ba, domin tun da aka dawo da motar daga asibiti ba ta sake zama a cikinta ba, ko wucewa za ta yi sai ta kawar da kai. Na ɗauka maganar za ta yi mata nauyi.

Ranar Lahadin da ta wuce, bayan mun dawo daga sujada, na tayar da injin na bar shi ya ɗan yi aiki, kamar yadda nake yi kowane mako don kada batir ya mutu. Da na kashe, sai na ga Mama tsaye a bakin madafa da tukunya a hannu, ba ta ɗora ba, ba ta ajiye ba. Na je na karɓi tukunyar. Muka zauna a tabarma tana tsinkar zogale, ina taya ta. Sai na tambaye ta.

"Mama, da Baba yana nan, zai ba su?"

Ba ta ɗago ba. Ta gama reshen da ke hannunta, ta ɗauki wani.

"Kin ɗauka son motar nan yake yi," ta ce. "Ba ya son ta, Hannatu. Kullum sai ya yi mini ƙorafinta. Tsoro yake ji. Kafin a haife ki yana da wata, ya zuba mata man bakin hanya don yana sauri, ta tsaya masa a daji da yaro mai zazzaɓi a baya. Kafin a samo amalanke yaron ya cika. Ya yi sati ba ya cin abinci. Tun daga nan ya zama yadda kika san shi. Ba ƙarfen yake lallaɓawa ba, wanda zai kwanta a bayanta yake tunani."

Ta kakkaɓe zanenta, sannan ta dube ni.

"Ki ba su. In man da za su zuba ne ke damun ki, ki hau motar kasuwa ki je ki nuna wa yaron da zai tuƙa ta yadda ake yi, ai kin iya, kuma kya fita ki ga mutane. Amma ki fitar mini da ita daga gidan nan. Shekara shida, duk ranar da kika tayar da injin nan sai in miƙe in ɗauki tukunya in ɗora masa ruwan wanka, ina cewa ya dawo daga ƙauye. Na gaji da mayar da tukunyar."